Sun ce Tartsatsi ya yi sauri da yawa: in rage gudun ko in bar shi?

Abu_Fiksel: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan abin da ya hana ni sukuni tun shekaranjiya. Ni da abokina mun shiga gasar haɗa wasa ta awa 72 a itch.io, shafin da masu haɗa wasanni ke ɗora nasu, jigon da aka bayar shi ne kada ka tsaya. Muka haɗa ɗan wasan burauza da Godot, manhajar haɗa wasanni, muka sa masa suna Tartsatsi. Kai ɗigon wuta ne a fili mai duhu. Muddin kana motsi wutarka na ci, da ka tsaya sai ta fara dusashewa, cikin sakan 2 ta mutu. Jajayen ƙayoyi na shigowa ta gefuna huɗu na allo, kana kauce musu kana tsintar korayen ɗigo da ke ƙara maka maki. Akwai zabura, wato ka yi wuf gaba da sauri, a dogon maɓallin nan na ƙasan kibod. Duk bayan sakan 10 gudun ƙayoyin na ƙaruwa.

Yanzu ana cikin ba da maki, kuma fiye da rabin waɗanda suka rubuta mana sharhi magana ɗaya suke yi, wai ya yi sauri da yawa. Wani ya ce bai kai sakan 10 ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina haura minti 3 ba tare da wata wahala ba. Abokina ya ce mu rage gudun da kashi ɗaya cikin uku kowa ya huta. Ni ina ganin gudun nan shi ne ran wasan, in aka cire shi me ya saura? Don Allah wanda ya buga ya faɗa min gaskiya, ba sai an lallashe ni ba.

Sadik_144: Wa alaikumus salam. Na buga jiya da dare. A babbar kwamfutata ban taɓa wuce sakan 7 ba, ƙayoyin kamar harsashi. Da safen nan na buɗe shi a tsohuwar laftof ɗita, gwaji na biyu na kai sakan 52. Hannu ɗaya, mutum ɗaya. Allon babbar 144Hz ne, na laftof 60Hz. Malam Abu, ka ninka gudun ƙayoyin da delta kuwa, wato ɗan lokacin da ke tsakanin hoton allo ɗaya da na gaba?

Hauwa_M: Ni dai na ji daɗinsa. Wutar nan da ke barin jela in kana gudu ta yi kyau sosai. Amma gaskiya sau biyar na mutu ban san abin da ya kashe ni ba, sai na rufe.

ƊanGodot: Tambayar Sadik ita ce ta farko da ya kamata a amsa kafin a taɓa komai. Ga waɗanda ba su saba ba: a Godot abin da ka rubuta a cikin _process yana gudana sau ɗaya a kowane firem, wato duk lokacin da allo ya sake zana hoto, gwargwadon saurin allon mutum. Allo mai 60Hz sau 60 a sakan, mai 144Hz sau 144. Shi kuma _physics_process yana tafiya sau 60 a sakan in ba ka canza saitin ba, ko wane irin allo ne. To in ka ce wa ƙaya ta matsa fiksel 5 a kowane firem ba ka ninka da delta ba, a wurinka tana cin fiksel 300 a sakan, a wurin Sadik 720. Raba 144 da 60 ka samu 2.4. Kenan wasu wasan da ya ninka naka gudu fiye da sau biyu suke bugawa, suna kuma ba ka maki a kansa.

Abu_Fiksel: Na je na duba yanzun nan. Motsin tartsatsin yana cikin _physics_process, wannan lafiya lau. Ƙayoyin ne na sa a _process, kuma babu delta. A daren ƙarshe na rubuta sashen, kuma ni da abokina duk allonmu 60Hz ne, shi ya sa ba mu gani ba. Ma'ana a wurin Sadik ƙayoyin sun ninka gudu shi kuma yana nan yadda yake. Na gode ƙwarai, wannan kam ba batun ra'ayi ba ne, kuskure ne.

Kwamanda: To ka ga an gano bakin zaren. Gyara delta ka bar sauran yadda yake. Ni a 60Hz na buga, na kai 1:48, kuma ina ta komawa. Mutanen yanzu sun saba da wasan da ke riƙe musu hannu. Super Hexagon na Terry Cavanagh da ya fito a 2012, sabon shiga ba ya kai sakan 10, kuma abin da ake nema a kowane mataki ka tsira sakan 60 ne kawai. Wa ya ce a rage masa gudu? Shi ma daga ɗan wasan gasa ya samo asali. Flappy Bird fa? Mutane na mutuwa a bututu na farko suna sake dannawa. Kada ka narkar da wasanka saboda wanda ya buga minti ɗaya ya wuce.

Nana_Kod: Yaya Kwamanda, misalinka ya yi, amma ka bar rabin labarin. A Super Hexagon in ka mutu, dannawa ɗaya ka koma fili. A Tartsatsi na auna da agogon wayata: allo ya yi duhu a hankali, rubutun maki ya sauko, sannan maɓallin sake farawa ya bayyana, kuma sai ka ɗauke hannu daga kibod ka nemi maus ka danna shi. Kusan sakan 5. Sabon shiga da ke mutuwa a sakan 8 yana jira sakan 5 kafin ya sake gwadawa. Sama da kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa a jira yake tafiya. Ba gudun ne ya kore ni ba, jiran ne. Super Meat Boy ma da ake yabon wahalarsa, kafin ka gama jin haushin mutuwa ka riga ka dawo. Malam Abu, ka sa kowane maɓalli ya sake fara wasan nan take, makin ya tsaya a kusurwa mutum ya gani yana gudu.

Kwamanda: Wannan na yarda da ke. Ni ma maus ɗin ya dame ni, na manta ban faɗa ba. Amma batun gudu ina nan a kan bakana.

Ummi_Zane: Ni aikina zane ne, ta nan zan yi magana. Ƙayoyinka ja, abin tsinta kore, kuma dukansu ƙananan abubuwa ne masu kusan girma ɗaya a kan baƙin fili. Maigidana ba ya bambance ja da kore sosai. Na ba shi ya gwada, ya ce duk abu ɗaya yake gani, yana ta bin ƙayoyi yana zaton maki ne. Ba shi kaɗai ba ne, ana ƙiyasta kusan namiji 1 cikin 12 na da irin wannan matsalar ta ganin launi, kuma ta ja da kore ita ce ta fi yawa. Mafita mai sauƙi ce: abin tsinta ya koma shuɗi ko fari, ya zama zagayayye yana ɗan numfashi, ƙaya kuma ta zama mai tsini sosai ta yadda ko a hoto baƙi da fari za a gane ta. Ka ɗauki hoton allon ka cire masa launi gaba ɗaya ka duba. In ba ka iya gane abokin gaba a haka ba, to launi kaɗai ka dogara da shi.

Abu na biyu, jelar wutar da Hauwa ta yaba. Tana da kyau, amma ɓurɓushinta ruwan lemo ne mai kusa da jan ƙayoyin. In ka yi kwana da sauri, ƙayar da ke tahowa ta bayanka tana ɓuya a cikin jelarka. Ina kyautata zaton wasu daga cikin mutuwar da Hauwa ba ta gane ba daga nan suke.

Hauwa_M: Wallahi haka ne Anti Ummi! Yanzu da kika faɗa na tuna, duk lokacin da na juya ne nake mutuwa.

BabanKhalil: Bari in sa baki a matsayin wanda ya girmi yawancinku a nan. Na buga wasannin arked a injinan da ake jefa wa sulalla, kuma har yau ina bibiyar tarihinsu. Gaskiya ne an gina su don a kashe ka da wuri, domin injin da mutum ɗaya zai mamaye na awa guda da sulai ɗaya asara ne ga mai shi. Amma masu ƙera su sun san wani abu: wanda aka kashe bai fahimci komai ba ba zai sake jefa kuɗinsa ba.

Ku dubi Space Invaders na Tomohiro Nishikado, 1978. Da farko halittun 55 ne a jere, suna tafiya a hankali, kana da lokacin koyon harbi da ɓuya a bayan garkuwa. Yayin da kake kashe su sai su ƙara sauri, asalin dalilin ma shi ne injin yana samun sauƙin zana kaɗan fiye da da yawa, shi kuma ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi. Ka lura da abin da ya faru: saurin yana zuwa ne sakamakon nasararka. Kai ka jawo shi. A Pac-Man na 1980 kuwa fatalwoyi huɗu ne, kowanne da launinsa da halinsa na farauta, kuma duk suna gabanka a allo tun daga farko, ba wanda ke faɗo maka daga inda ba ka gani.

Ɗana Abu, a naka wasan agogo ne ke ƙara gudu, ko mutum ya iya ko bai iya ba. Na buga sau goma sha wani abu. Shawarata kada ka taɓa ƙololuwar gudun, ka gyara mafarin. Sakan 15 na farko su zama makaranta: ƙaya ɗaya, daga gefe ɗaya, a hankali. Sannan ka yi tunanin ɗaure ƙarin gudun da yawan ɗigon da mutum ya tsinta maimakon agogo. Gwani zai kai wuta da wuri saboda yana tsinta da sauri, ɗan koyo kuma zai samu numfashi.

Abu_Fiksel: Baba na gode, Allah Ya ƙara girma. Wannan ta ɗaure gudu da tsinta ta shige ni. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ƙi tsintar komai, ya yi ta zagaye a fili mai sauƙi har abada.

BabanKhalil: To ai ba zai samu maki ba, kuma maki ake nema. In kana so ka rufe ƙofar, sa wutar ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan ko ana motsi, ɗigon ne ke cika ta. Dole ya tsinta.

Kwamanda: Da girmamawa Baba, wannan ya zama wani wasan daban. Abin da ya sa Tartsatsi ke da daɗi shi ne agogo ba ya tausayin kowa. Kowa ya san a 1:30 abin zai haukace, kuma in na ce na kai 1:48 kowa ya san me na tsallake. In gudu ya dogara da tsinta, lokacina da na wani ba za su gwadu ba.

Salim_AZ: Tambaya a gefe. Akwai wanda zaburar ke ƙin yi masa in yana tafiya sama da hagu a lokaci ɗaya? Ta kowace kusurwa tana yi, ban da wannan.

ƊanGodot: Salim, wannan ba daga wasan ba ne, daga kibod ne. Yawancin kibod na yau da kullum an haɗa wayoyin maɓallansu a jere da layi-layi, akwai haɗin maɓalli uku da ba sa iya karantawa a tare. Kibiyar sama da ta hagu da dogon maɓallin sanannen haɗi ne da ke maƙalewa. Maganin a wurin mai haɗa wasa shi ne ya ba da zaɓi: zabura ta yi aiki a Shift ko X ko Z ma. Sannan Abu, tunda ka sa WASD, wato motsi da maɓallan W, A, S da D maimakon kibiyoyi, ka ɗaure su da gurbin maɓalli ba da harafi ba, akwai wannan zaɓin a saitin shigarwa na Godot. A Faransa kibod ɗinsu AZERTY ne, inda W take a namu Z ce a nasu, inda A take Q ce. Gasar intanet ce, ba ka san daga ina mai ba ka maki yake ba.

Fati_Waya: A waya na buɗe, ya loda amma babu abin taɓawa. Ko dai ka rubuta a shafin cewa na kwamfuta ne kawai.

Mai_Kunne: Ba wanda ya yi maganar sauti, bari ni in yi. Kiɗan ya dace da wasan, kuma na ji kuna ƙara masa ganga in gudu ya ƙaru, madalla. Amma kunne bai da aiki a cikin wasan kansa. Ƙaya na shigowa shiru. Da za a sa ɗan ƙara siriri rabin sakan kafin ta fito, daga kunnen hagu in ta hagu za ta zo, daga na dama in ta dama, da mutum ya fara kaucewa tun kafin idonsa ya gani. Haka in wuta ta fara mutuwa saboda tsayuwa, kiɗan ya dusashe tare da ita. Irin waɗannan ƙananan sautukan ba sa cin lokaci, sfxr da Tomas Pettersson ya rubuta a 2007 saboda masu shiga gasar haɗa wasa ta Ludum Dare aka yi shi, ka danna maɓalli ya ba ka ƙarar tsalle ko fashewa. Akwai ire-irensa da ke aiki a burauza.

Zee_Maki: Na ɗauki bidiyon allona ina bugawa, na mayar da shi a hankali firem bayan firem. Mutuwa uku daga cikin takwas ƙayar ba ta taɓa ni ba. Akwai sarari baƙi tsakanina da ita, ana gani ƙarara. Malam Abu, wace siffa ka ba wa iyakar karon ƙayoyin, wato filin da wasan ke ɗauka an taɓa ƙaya in an shige shi?

Abu_Fiksel: Murabba'i ne, girman hoton gaba ɗaya. Ita kuma ƙayar mai kusurwa uku ce.

Zee_Maki: To kusurwoyi biyu na murabba'in nan fanko ne a ido amma suna kisa. Rabin filin murabba'in kenan babu komai a cikinsa. Wasannin harbi na Japan irin su DoDonPachi da Touhou, da allo ke cika maƙil da harsasai, dalilin da ya sa ake iya tsira shi ne wurin da ke kashe ka ɗan ɗigo ne a tsakiyar jikinka, ya fi hoton ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kana gogar harsashi ka wuce, ka ji kamar kai gwani ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce abin da ke cutarwa a rage masa iyaka ta gaza hotonsa, abin da ake tsinta a faɗaɗa masa ta wuce hotonsa. Celeste ma, da kowa ya san wahalarsa, yana barinka ka yi tsalle ɗan lokaci kaɗan bayan ƙafarka ta bar gefen dandamali. Kuma asalinsa ɗan wasa ne da Maddy Thorson da Noel Berry suka haɗa cikin kwana 4 a PICO-8, wata manhajar haɗa ƙananan wasanni, a 2015. Wahala daban, rashin adalci daban. Kwamanda, ina ganin waɗanda ke cewa ya yi sauri ba ragwaye ba ne, abin da suka ji suka rasa sunansa suka kira shi sauri.

Kwamanda: Ban ce ragwaye ba ne. Na ce ba su ba shi lokaci ba.

Nana_Kod: Kuma ba za su ba shi ba, haka gasa take. Wanda ya shiga gasa yana da tarin wasanni da zai buga ya ba wa maki. A Ludum Dare sai wasanka ya samu maki daga mutum 20 kafin a sa shi a jerin sakamako, kuma hanyar da ake ganinka ita ce kai ma ka buga na wasu. Mutum na zaune da shafuka goma a buɗe, minti biyu ko uku zai ba ka. In sakan 30 na farko ba su gaya masa me ake ciki ba, ya tafi. Wannan ba laifinsa ba ne.

Kwamanda: Shi ya sa nake cewa kada a gina wasa don mai shafuka goma. Maki na mako biyu ne, wasa kuma yana nan. Superhot daga gasar kwana 7 ya fito a 2013, abin da ya ɗaga shi tunani ɗaya ne mai ƙarfi da ba su sassauta ba, lokaci ba ya tafiya sai ka motsa. Tartsatsi ma yana da nasa tunanin guda. Ina tsoron a yi ta gyara ana sassautawa har a wayi gari ba a gane shi.

Ummi_Zane: Canza launi da gyara iyakar karo ba sassautawa ba ne ai. Ba wanda ya ce a cire wutar.

Likita_Junior: Wani abu da ya fi maki muhimmanci. In ka yi zabura allon gaba ɗaya na yin walƙiya fari, kuma bayan minti ɗaya ana zabura a jere a jere. Akwai masu farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayar wa. Ƙa'idar da ake bi a shafukan intanet ita ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a sakan ɗaya. Ka mayar da walƙiyar ta tsaya a jikin tartsatsin kawai, ko ka sa wurin kashe ta tare da girgizar allon. Kafin nan ka rubuta gargaɗi a saman shafin, wannan ko yanzu za ka iya.

Abu_Fiksel: Na sa gargaɗin yanzu, na kuma rubuta cewa na kwamfuta ne kamar yadda Fati ta ce. Tambaya: ya halatta in ɗora gyaran delta alhali ana cikin ba da maki?

ƊanGodot: Ya danganta da dokar gasarku. A itch.io mai shirya gasa na iya kulle ɗora sabon fayil har a gama ba da maki. A Ludum Dare an yarda ka gyara kuskuren da ke hana wasa aiki bayan an rufe, muddin ba sabon abu ka ƙara ba, kuma ka bayyana abin da ka canza. A ganina delta gyaran kuskure ne tsantsa. Amma launi, da sauti, da saurin farawa, waɗannan canjin wasa ne, su jira sigar bayan gasa. Ka tambayi masu shiryawa kafin ka taɓa.

Sadik_144: In sun hana, ka rubuta a shafin cewa mai allo sama da 60Hz ya saukar da shi zuwa 60 kafin ya buga. Ba kowa zai yi ba, amma wanda ya karanta zai san ba haka ka nufa ba.

Salim_AZ: Na gwada da WASD maimakon kibiyoyi, zaburar na yi ta kowace kusurwa. Na gode ƊanGodot.

BabanKhalil: Abu, kafin ka zauna gyara, ka taɓa zaunar da wani a gaban wasan nan ka yi shiru kana kallo? Ba abokin aikinka ba, wanda bai taɓa ganinsa ba. Kada ka gaya masa komai, ko ya tambaye ka. Gani ya kori ji.

Abu_Fiksel: Baba na yi abin da ka ce, kuma jikina ya yi sanyi. Ƙanwata na kira, shekararta 14, tana buga wasanni a waya sosai. Na ajiye mata laftof na koma bayanta na naɗe hannu.

Wasa ya fara, ba ta taɓa komai ba, ta matso da fuskarta tana karanta ɗan rubutun da ke ƙasan allo. Kafin ta gama karantawa wutar ta mutu. Ta juyo ta kalle ni, na yi shiru. Karo na biyu ta motsa, ta ga ƙaya ta taho, sai ta yi abin da duk mai hankali zai yi, ta tsaya cak tana jira ta wuce. Ƙayar ta wuce ta gabanta ba ta taɓa ta ba, amma ta mutu. Ta ce, Yaya, wani abu ne da ba a gani yake kashe ni? Sau shida tana mutuwar tsayuwa, kuma duk a zatonta ƙaya ce ta fi ta sauri. A karo na bakwai ne ta ce, au, ashe ba a tsayawa. Daga nan ta kai sakan 40. Zabura kuwa har ta tashi ba ta san da ita ba, yatsanta bai je kusa da maɓallin ba.

Dokar da aka gina wasan gaba ɗaya a kanta, wasan bai taɓa faɗa wa kowa ita ba sai a rubutu ɗan ƙarami da babu lokacin karantawa. Mutuwar tsayuwa da mutuwar ƙaya kuma hoto ɗaya ne da sauti ɗaya. Yanzu ina tunanin da yawa daga masu cewa ya yi sauri tsayuwa ce ta kashe su.

Hauwa_M: Tsaya. Tsayuwa na kisa?? Ni sai a saƙonka na farko na karanta, kuma na ɗauka wani mataki ne a gaba da ban kai ba.

Nana_Kod: To ka gani. Kada agogo ya fara sai mutum ya danna maɓallin farko. Kuma mutuwar tsayuwa ta bambanta: wutar ta ƙanƙance, fili ya yi duhu daga gefuna yana matsowa, ta koma hayaƙi. Ta ƙaya kuma ta fashe, wasan ya daskare na ɗan ƙiftawar ido a nuna ƙayar da ta yi kisan.

Zee_Maki: Ƙari a kan maganar Mai_Kunne. Mutum na buƙatar kusan rubu'in sakan kafin hannunsa ya amsa abin da ido ya gani. In kana kusa da gefen allo da fiksel 100, ƙaya ta shigo da gudun fiksel 900 a sakan, kusan kashi ɗaya cikin tara na sakan kake da shi. Ba gwanin da zai kauce wa wannan. Sa ɗan haske a gefen allo a daidai inda za ta ɓullo. Gudunta na nan, amma an yi maka sallama kafin a shigo.

Abu_Fiksel: Masu shiryawa sun amsa, sun yarda da gyaran delta kawai, na ɗora na kuma rubuta abin da na canza. Sauran na jera su don sigar bayan gasa. Inda muka tsaya da abokina shi ne mafarin. Shi yana tare da Baba, a ɗaure gudu da tsinta. Ni har yanzu zuciyata na wurin agogo, sai dai in sassauta sakan 15 na farko. Wataƙila mu haɗa duka biyun mu ba mutane su gwada.

BabanKhalil: Ku haɗa biyun, amma kada ku gaya wa masu gwaji wanne ne naka wanne ne na abokinka. Kuma ku duba wanne suka fi sake dannawa, ba wanne suka ce ya fi ba.

Sadik_144: Na buga sabon a 144Hz. 1:05 a gwaji na uku. Yanzu ne na ga wasan da kuke magana a kai. Na riga na ba da maki tun farko, zan duba ko ana iya canzawa.

Kwamanda: 2:14 yau da asuba. Ku yi duk abin da za ku yi da mafarin, na sallama. Amma daga 1:30 zuwa sama, inda ƙayoyi ke shigowa bibbiyu ta sama da ƙasa, don Allah Abu kada ka taɓa wurin nan. Kuma in da hali ka sa allon manyan maki, ina so in ga ko akwai wanda ya wuce ni ban da kai.